Sunan Jikata a Kwamfutar Makaranta

Daren Talata, watan Safar, Runjin Sambo

Yau na je makarantar jikata. Hauwa'u na raɗa mata, amma ranar rajista uwarta ta ji kunyar faɗin sunan ɗiyar fari, ta ce "Inna". Haka anka rubuta.

Malamin rajista ya ce, "Baba, yanzu lambar ɗalibi guda ke buɗe komai. Sunan ya shiga asibitin makaranta da ɗakin karatu, kuma shi zai fito a takardar jarrabawarta."

Na ce, "Ɗana, kwamfutar taku ta ci naman sunan ne?"

Ya yi dariya, wai in kawo shaida kafin Juma'a. Ni ban isa shaida ba! Gobe da mahaucin da ya feɗe ragon sunan zan koma, ya faɗa wa kwamfutar da bakinshi.