Ranar da Motar Habu Ta Ƙi Tashi a Bebeji

Yaya Sani,

Gaisuwa mai yawa. Ya Kumasi, ya iyali? Mu nan Kiru lafiya lau.

Ɗanka Habu ya zama cikakken direba. Ranar da za mu kai Inna asibitin Kano, mun tsaya salla a Bebeji, mota ta ƙi tashi. In inji ya yi zafi, da ƙyar sitata ke juyawa. Inna tana ta nishi, hankalina ya tashi. Habu ya ce, "Baffa, kada ka damu, ba batir ba ne." Ya shiga ƙarƙashi, ya kankare tsatsar wayar sitata, ya ɗaure tam. Bugu ɗaya ta tashi.

Inna ta samu sauƙi, kullum tana sa masa albarka.

A sa mu a addu'a. Ka gaishe da mutanen gida.

Ƙaninka, Isa