Ba Zan Sa Hannu a Kori Ƙaramin Likitan Ba

Zuwa ga Shugaban Likitocin asibitin da matata ta rasu a cikinsa.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, da fatan kana lafiya kai da iyali. Takardarka ta iske ni a Gyaɗi-Gyaɗi. Kana so in sa hannu cewa sakacin ƙaramin likitan da ya karɓi matata, Hajiya Binta, shi ya yi sanadin mutuwarta, domin kwamitinku ya sallame shi daga aiki. Na zaɓi in amsa ta jarida, don na san inda takardun ofis suke ƙarewa.

Na ɗaya. Laifin farko nawa ne. Ni na juye fiya-fiya, maganin sauro, a tsohuwar kwalbar maganin tari na ajiye kan taga. Ranar Asabar da hantsi ta sha, tana zaton nata ne. Matan maƙwabta suka ɗura mata manja da madara kamar yadda aka saba. Kimiyya na koyar a sakandare har na yi ritaya. Na san manja ba ya karya guba, sai ma ya shaƙe mutum in ya yi amai. Amma na tsaya bakin ƙofa ban ce uffan ba, gudun a ce boko ya hana ni ceton matata.

Na biyu. Mun isa ɗakin gaggawa tana dalalar da yawu, tana numfashi da ƙyar. Likita ɗaya ne a wurin, sa'an autana. Ya shinshina kwalbar, nan take ya faɗi sunan gubar da allurar da ke karya ta. Karatunsa daidai ne. Ya yi mata allurar sau ɗaya, sai ya tsaya. Wata tsohuwar nas ta ce masa ya ƙara, ta sha ganin manyansa suna maimaita ta har ƙirji ya washe. Ya ce shi a littafi kawai ya karanta, bai taɓa ganin an yi ba, in ya ƙara ta mutu a hannunsa wa zai tsaya masa? Ya tura masinja a babur ya nemo babban likita, ni kuma ya ce in yi haƙuri, yanzu oga zai zo.

Na uku. Ogan yana asibitinsa na kansa a Hotoro. Ya iso bayan azahar, ya sa aka yi abin da nas ta faɗa tun da hantsi. Binta ta cika kafin la'asar. Na duba takardarka ciki da baya, ban ga sunansa ba.

Ranka ya daɗe, zamanin soja an ce mana tsoro ne ya hana kowa aikin gaskiya. Yanzu soja sun koma bariki, farar hula ke mulki, amma har yau na ƙasa ake nema ya ɗauki laifin na sama. Ban yi mamaki ba, na daina mamaki tuntuni.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Kada a sake barin sabon likita shi kaɗai a ɗakin gaggawa. A koya musu maganin guba a gefen gado, ba a allo ba, a kuma manna musu a bango yadda ake ba da allurar, da sa hannunka, don su san akwai mai tsaya musu. A yi wa matan unguwa bayanin manja a rediyo.

Shi kuma ƙaramin likitan, a bar shi a aikinsa. Ranar sadakar uku ya zo ta'aziyya, ya zauna a gefen tabarma, ya kasa ɗaga kai. Shi kaɗai ya zo daga asibitinku. A yau duk cikinku ba wanda ya kai shi sanin abin da jira yake jawowa. In kun kore shi, wani za ku kawo wanda bai sani ba. Ba zan sa hannu ba.

Allah Ya yi maka jagora, Ya ba ka ikon adalci, Ya jiƙan Binta.

Wassalam.

Malam Inuwa Ɗanladi,
Gyaɗi-Gyaɗi, Tarauni, Kano.