Matakin da Aka Ba Sifili

Ɗanbatta, 3 ga Nuwamba

Ƙanena Yahya,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, kai da Firdausi da yara, da aikin jami'a. Inna na nan da sauƙi, ƙafar ce dai har yanzu.

Takarda ta zo mana daga ofishin shirin tallafi. Za su ɗauke injin niƙan da suka ba ƙungiyarmu ta mata masu man gyaɗa, wai cikin ƙungiyoyi goma sha huɗu mu ne na ƙarshe a ingancin aiki. Na nemi rahoton, aka miƙo mini shafi sittin na Turanci, ana zaton ƙuli zan ƙulle da shi. Shekara goma sha tara na yi ina koyar da lissafi a sakandare. Na karanta shi kaf, har sunan da ke shafin ƙarshe. Naka ne.

Na gane dabarar. An jera kowace ƙungiya da 'yan'uwanta, a ga wa ke fitar da abu mai yawa daga abu kaɗan. Kun raba aikin mataki uku: suya da niƙa, matsar mai, sai sarrafa abin da ya rage. Kowane mataki kun ba shi nauyi, wato rabonsa a cikin maki, gwargwadon abin da ke shiga cikinsa. A wurinmu na farko ya kwashi kashi sittin cikin ɗari, na biyu arba'in, na uku sifili.

Yahya, na ukun nan shi ne ƙuli-ƙuli. Ka duba takardunka, ka rubuto mini.

Yayarka,
Kaltume

19 ga Nuwamba

Yahya,

Ina gaishe ku, da fatan zazzaɓin Firdausi ya sauka. Wasiƙarka ta iso, kuma na gano inda sifilin ya fito.

Ma'aikacin da ya zo ɗaukar bayanai ya tarar da Huseina, ma'ajiyarmu, ya tambaye ta me muke yi da tunkuza bayan an matse mai. Ka san halinmu. Mace ba ta buɗe wa baƙo abin da ke riƙe da gidanta, kada a ce tana fariya, kada baki ya kama shi. Sai ta ce masa ɗan saura ne, ba komai ba. Shi kuwa ya rubuta shara. Mata ashirin da uku na murza wannan sharar tun daga hantsi har la'asar.

Ɓarnar ba ta tsaya nan ba. Da gangan ba ma matse tunkuza ƙarƙaf, don ragowar man a kasko yake fita, lokacin suyar ƙuli. Ke nan a mataki na biyu mun zama malalata, man da muka bari kuma ya tafi matakin da kuka ce babu shi. Sau biyu kuka kayar da mu da kalma ɗaya.

Ka ce ba kai ka zaɓi nauyin ba, kwamfuta ce, don kada son rai ya shiga. Wa ya ba ta ƙa'idar? A shafi na sha bakwai ku da kanku kun rubuta cewa ana iya sa iyaka, kada nauyin wani mataki ya gaza kashi ɗaya cikin biyar. Kun sani, kun tsallake. Da ka sa iyakar, dole ka tsaya ka tambayi me ke cikin wannan fili fayau. Kuma kai ba baƙo ba ne. Farantin ƙulin Inna ne ya kai ka makaranta.

Ka ce kwamiti ya riga ya sa hannu, gyara sai zagaye na gaba, nan da shekara uku. Ina roƙonka, ni da ban saba roƙo ba, ka rubuta musu layi ɗaya cewa an yi kuskure.

Kaltume

8 ga Disamba

Yahya,

Gaisuwa gare ka da iyali. Muna lafiya, alhamdulillahi.

Ranar Talata suka zo da a-kori-kura suka kwance injin. Sai ƙusoshi huɗu a siminti. Huseina ba ta fito ba, tun ranar da ta ji maganarta ce ta jawo take ɓuya, duk da na ce mata ba ta faɗi abin da uwarta ba ta koya mata ba. Mata tara sun ce ba za su iya komawa turmi ba, ban ga laifinsu ba. Sauran ma ba za su kai damina suna wannan aikin ba.

Layin da na roƙa bai zo ba. Na san dalili: in ka gyara namu, sai ka sake duba na sauran sha ukun, kuma sunanka na shafin ƙarshe. Na daina jira.

Inna ba ta san kai ne ba, kuma ba daga bakina za ta ji ba. Ita ta nace a aiko maka da ƙulin niƙan ƙarshe, mai barkono, irin wanda kake so. Direba Sha'aban zai kawo maka. Ka ba yara su ci. Ba zai yi maka nauyin ɗauka ba, ai kai ne ka auna shi ka ba shi sifili.

Yayarka,
Kaltume