Na amsa laifin da ban yi ba, yanzu an ce ɗana ba ɗan gida ba ne

Salamar Ubangiji gare ku, 'yan'uwa. Admin, ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, ni tsohuwar tisha ce, jikoki gare ni, amma wannan magana ta fi ƙarfina.

Na yi aure a Kafanchan shekarar da naira ta fito. Maigidana ma'aikacin reluwe ne, asalinsa Nok, ni kuma ina koyarwa a wani ƙauye wajen Zangon Kataf, sai Juma'a nake dawowa gida. Ba mu daɗe ba ya fara kukan zafi in zai yi fitsari, har da ɗan ruwa-ruwa da safe. Ya je disfensari aka ce ciwon sanyi ne, aka yi masa allurar fenisilin. A lokacin kowa ya yarda fenisilin ba ta barin ciwon sanyi, in bai tafi ba, to, matar gida ce ke sake ɗora wa mutum. Aka yi ta tsira masa allura har zama ya gagare shi, ciwo yana nan.

Mai disfensarin dattijon majami'armu ne, shi ya kai magana gaban dattawa. Maigidana ya rantse bai taɓa fita waje ba tun da muka yi aure, suka ce to saura wadda take kwana a ƙauye. Ga shi ina da ƙaramin ciki. Suka sa ni horo, wato in zauna a bencin baya, ba cin jibin Ubangiji, ba ɗaura zanen zumuntar mata, har sai na tashi gaban jama'a na tuba. Na ce ban yi ba, ba zan tuba ba, ni ma baki gare ni a lokacin. Mamata ta zo ta yi ta kuka, ta ce in haƙura in faɗa ko don cikin nan, bakin mutane zai gaji. Wata Lahadi na miƙe na ce na yi zunubi ku gafarta mini. Suka yi waƙar godiya, ni kuwa ji na yi kamar an binne ni.

Bayan na haihu, maigidana ya je Jos wajen wani likita. Likitan ya ce ba ciwon sanyin da aka sani ba ne, suna zargin wata 'yar ƙwayar cuta mai suna maikoplasma, wadda fenisilin ba ta yi mata komai, kuma takan zauna a jiki da daɗewa shiru. Ya ba shi kafso, ya aiko mini da nawa, ciwo ya tafi. A kicin maigidana ya faɗa mini, ya ce tun yana saurayi ya taɓa irin wannan zafin, kunya ta hana shi faɗa wa dattawa. Na ce to sai ya je ya faɗa yanzu. Ya durƙusa ya ce ana shirin naɗa shi dattijon ikkilisiya, in rufa masa asiri, zai gyara daga baya. Na rufa. Bai ƙara ɗaga mini murya ba, ya riƙe yaron da kyau, amma gyaran nan bai zo ba har muka binne shi watan jiya.

Yanzu ƙannensa sun zauna rabon gonar citta a Nok, sun ce ɗana na fari ba jininsu ba ne, ai uwarsa da bakinta ta amsa a majami'a. Mutum da furfura a gemu, a gaban 'ya'yansa aka faɗa masa haka. Ya zo gida bai yi faɗa ba, ya ce Mama gona ba ta dame ni ba, ki faɗa mini ɗan wane ne ni. Na ce ɗan babanka ne. Ya ce to me ya sa kika tuba? Sai na fashe da kuka.

Raina a ɓace yake ƙwarai, 'yan'uwa. In na faɗi gaskiya, na tona mutumin da dukan gari ke kira Baba Dattijo, ga shi ba ya nan ya kare kansa. Likitan ban san sunansa ba, Mamata ta rasu, ba ni da shaida ko ɗaya. Kuma za su ce wadda ta yi ƙarya a gaban Allah jiya, don gona za ta sake yi yau. In na yi shiru, jikokina sun zama baƙi a gidan kakansu.

Asabar za su sake zama, ɗana ya ce zai zo ya ɗauke ni. In je in faɗa duka, ko in faɗa wa shi kaɗai ya ɗauki nauyin da na ɗauka? Kuma wanda ya san hanya ya nuna mini, yaya ake janye tuba?