Garkuwar da Ta Huda Ɗakin Jikata

Zuwa ga Mai Girma Shugaban tawagar da ke wakiltar ƙasarmu a zaman taƙaita makamai na duniya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina yi maka barka da aiki, ina kuma gaida iyali da abokan aikinka.

Sunana Malam Sabo. Na daɗe a Alƙahira, ina zaune a Giza, sana'ata ɗaure wa 'yan kasuwarmu kayan da suke sarowa a kasuwar Ataba. Ban yi boko da ƙuruciya ba. Sai da furfura ta fito sannan na shiga ajin yamma da ɗalibanmu na nan suke yi wa manya, saboda haka idan ka ga zancen ya karkace ka yi mini uzuri.

Da farin ciki zan fara, domin shi ya fi yawa a zuciyata. Allah ya ba ni jika. 'Yata Hadiza ta zo gida haihuwar fari kamar yadda muka gada, ta sauka lafiya, ta samu 'ya mace, Maimuna. Uwar tana kunyar ɗaukar 'yar fari a gaban mutane, sai ni na samu garaɓasa, kullum tana hannuna. Amaryata nake ce mata. Kakarta na cewa tsoho ya zauce, ya bar sana'a ya koma raino. Mutanen Ataba kuwa sun gaji da ganin hotonta. Wannan farin cikin ne ya sa na ɗauki alƙalami, domin an sa mini ɗaci a cikinsa.

Na farko. Ranka ya daɗe, kwanakin baya na ji ka a rediyo kana bayani cewa na'urorin kakkaɓo makamai masu linzami ba abin da za mu sa baki a kai ba ne. Ka ce garkuwa ce kawai, ba ta kashe kowa, kuma ƙasarmu ba ta da irin waɗannan makamai balle ta yi magana. Na san ka fi ni ilimi nesa ba kusa ba. Amma akwai abin da na gani da idona.

Na biyu. Mijin Hadiza, Nasiru, mai gyaran wuta ne a wata ƙasa da ke gabas da mu, a hayin teku. Ƙasar tana cikin masu alfahari da wannan garkuwa. Ya sayi tikiti zai zo suna, sai aka rufe sararin samaniya saboda harbe-harbe, jirgi bai tashi ba. Ni na yi wa yarinya huɗuba a madadinsa. Kullum muka kira shi amsarsa ɗaya ce: komai tamam, wato lafiya lau, ana kakkaɓo makaman tun daga sama, mu kwantar da hankalinmu.

Ranar suna, bayan an yanka rago an yi addu'a, maƙwabciyarmu Ummu Karim, wata dattijuwa Bamasariya, ta ce lallai sai an yi wa jaririya al'adarsu. A nan, ranar bakwai ana kwantar da jariri, a kawo ƙaramin turmin tagulla a yi ta buga shi kusa da kansa, wai don ya saba da ƙara, kada ya tashi matsoraci. Ba al'adarmu ba ce, amma maƙwabtaka ta yi nisa, muka bar ta. Na kira Nasiru ta bidiyo don ya gani ya yi dariya. Yana murmushi, yana tambayar wa ta ɗauko, ni ko shi.

Ummu Karim ta buga turmi sau ɗaya. Maimuna ko motsi ba ta yi ba. Uban ne, da jin ƙarar, ya zaci harbi ne, ya saki waya ya faɗi ƙasa, muna jin numfashinsa yana salati. Wayar ta faɗi tana kallon sama, sai muka ga rufin ɗakinsa: rami ne an toshe shi da leda da kwali, rana na shigowa ta gefe. A ƙarƙashin ramin ga ƙaramin gadon jariri da ya saya, ya taɓa turo mana hotonsa tun yana sabo, yanzu ya lanƙwashe. Ummu Karim ta tsaya riƙe da taɓarya tana ta cewa ma'alish, wato a yi haƙuri, ba ta san me ta yi ba.

Da yamma ya gaya mini gaskiya. Ba makamin abokan gaba ne ya faɗa musu ba kai tsaye. An kakkaɓo shi, kamar yadda aka yi alkawari, a saman unguwar ma'aikata baƙi da ke bayan gari, tarkacensa da na makamin da ya tare shi suka zubo. Wani ɗan ƙasarmu da suke sallah sahu ɗaya bai tashi ba. Labarai sun ce an yi nasara, ba abin da ya isa birni. Ba su yi ƙarya ba, Yallaɓai. Unguwarsu ce ba a lissafa ta a birni.

Na uku. Tun ranar na dage da sauraron rediyo da karanta abin da zan iya. Na fahimci cewa a da, manyan ƙasashen nan sun taɓa yarda a tsakaninsu a taƙaita garkuwar ita kanta, domin sun san duk wanda ya ga maƙwabcinsa ya rufe kansa, zai ƙara yawan abin harbi har ya fi ƙarfin rufin. Daga baya aka yi watsi da wannan yarjejeniya, sauran yarjejeniyoyin kuma suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya. Yau mai garkuwa yana ganin ba ya bukatar zama a yi sulhu, marar garkuwa kuma yana ƙera ɗari don goma su wuce. Duk abin da aka harba, da wanda aka tare da wanda ya tare shi, ƙasa zai dawo. A ƙasan kuwa 'ya'yanmu ne, masu gyaran wuta da direbobi da masu shara.

Na huɗu, kuma shi ne ya hana ni sukuni. Arba'in ta kusa. Ka san al'ada: in mai jego ta gama wanka, iyaye su haɗa gara su mayar da ita ɗakinta. Iyayen Nasiru sun kira daga gida suna tambayar ranar, domin ya ɓoye musu abin da ya faru. Hadiza tana son mijinta, ta fara ninke kaya. Ban taɓa zaton zan zama surukin da zai riƙe matar mutum ba. Na kira shi ina neman yadda zan fara, sai ya riga ni. Ya ce, "Baba, ka riƙe su. In na ce su taho ma, kada ka yarda." Na riƙe su. Har yau bai taɓa ɗaukar 'yarsa ba, in kuma ya bar aikin, ba abin da za su ci.

Saboda haka ina roƙonka, Ranka ya daɗe, ka janye maganar cewa garkuwa ba ta kisa. In kun zauna, ka nemi a sa na'urorin kakkaɓo makamai cikin abin da za a ƙayyade, ba abin harbi kaɗai ba. Ka nemi a riƙa faɗin waɗanda tarkace ya kashe, ko da baƙi ne. Ƙasarmu ba ta da linzami, gaskiya ne, amma tana da mutane a ƙarƙashinsa, wannan ya isa ya ba ka bakin magana.

Ummu Karim ta kawo mana turmin kyauta, ta ce ba za ta iya sake buga shi ba. Na ɗora shi a kan kabad. Ba na so amaryata ta saba da ƙara. So nake in kai ta ɗakin ubanta da hannuna, in ɗaga kai in ga rufi.

Allah ya yi maka jagora, ya ba ka ƙarfin faɗin gaskiya a gaban manya, ya nuna maka jikokinka a ƙarƙashin rufi mai lafiya.

Wassalam.

Naka mai girmama ka,
Malam Sabo, kakan Maimuna,
Giza, Alƙahira.