Ni Ne Ɗan Baya a Hanyar Bassam

Assalamu alaikum, mai kula da wannan shafi da duk masu karatu. Jaridarku tana iso mana Abijan a hannun fataken goro, wani lokaci har ta yi laushi don tsufa, amma muna karantawa. Don Allah a ɓoye sunana, kuma wanda zai zage ni ya bari sai ya kai ƙarshe. Na san na ci zagi, amma zagi ba zai fitar da ni daga ramin da na haƙa ba. Shawara nake nema, kuma da gaggawa. Sunayen da zan ambata duk na canza su.

Ni mutumin Damagaram ne, atamfa nake sayarwa a kasuwar Treichville, gidana yana Adjamé. Tun da aka buɗe sabuwar gada, mu 'yan kasuwar da Allah ya hore wa babur muka ɗauki al'adar fita yawo ran Lahadi, don mutum ya huta da cinikin yadi da warin kwata. Hanyoyi uku muke bi. Akwai ta Bingerville mai hawa da gangara, inuwar itatuwa ta rufe ka kamar rumfa. Akwai ta Dabou mai jar ƙasa da gonakin kwakwar manja. Amma wadda ta fi shiga ran kowa ita ce ta Bassam: teku a hannunka na dama yana ta tumbatsa, itatuwan kwakwa sun yi sahu har iyakar ganinka, iska tana kaɗa maka riga. Mu da muka tashi inda ruwan rijiya ma sai an yi jira, ina za mu ƙoshi da kallon wannan?

Tafiyar tamu irin ta ayarin kakanninmu ce. Akwai madugu a gaba, akwai ɗan baya. Dokar ɗan baya biyu ce: ba ya wuce kowa, kuma duk wanda ya samu matsala shi zai tsaya masa, sauran su ci gaba su jira a masauki. Tun da shi ke ganin bayan kowa, in wani abu ya faru a hanya, shi ake tambaya, abin da ya faɗa kuwa ya zauna. To, ni ne ɗan baya tun ranar farko. Shekara da shekaru ina shan ƙurar mutane, in muka dawo daga Dabou gemuna jajawur, har suka laƙaba mini Jan Gemu. Ina dariya, amma Allah ya sani abin yana cin raina, don ni mutum ne mai zuciya, a gidanmu ma an san ni da haka.

Da tsohon madugunmu ya koma gida Maraɗi, na ɗauka gaban nawa ne, don na girme su, kuma babur ɗina ya fi na kowa ƙarfi. Sai suka ba Ilu. Ilu fa! Yaron da ni na tarbe shi a tasha ranar da ya sauka Abijan da tabarma a kafaɗa, a ɗakina ya kwana har ya samu nasa, ni na koya masa hawan babur a filin bayan masallaci. Suka ce wai babu wanda za a amince wa da baya sai ni. Shin wannan yabo ne ko wulaƙanci? Ilu kuwa ba mugu ba ne, bakinsa ne ba ya shiru. Ranar da abin ya faru mun tsaya shan ruwan kwakwa a hanyar Bassam, ya ce wa matan da ke sayarwa da Faransanci su ba ni biyu, ɗaya na sha, ɗaya na wanke gemu. Matan suka yi ta ƙyalƙyala dariya har da tafa hannu. Na haɗiye, amma ban manta ba.

Da muka tashi, ba mu yi nisa ba babur ɗinsa ya fara tari. Ya ɗaga wa sauran hannu su wuce, ni na tsaya kamar yadda doka ta ce. Na durƙusa cikin rana na cire bujin, wato fulogin, na goge masa, shi yana tsaye a inuwa yana fito. Muka hau, hanya ba kowa, sai wani koren kamiyo, wato babbar motar kaya, da ya wuce mu ya ɓace. Ban san abin da ya shiga kaina ba, na ce yau sau ɗaya dai zan ga hanyar Bassam ba bayan wani a gabana. Na murɗa babur zan wuce Ilu, ya tare ni. Na koma ɗaya gefen, ya sake tarewa, yana waiwayowa yana dariya: "Yaya, ina za ka? Ɗan baya ba ya wuce kowa! Koma wurinka, Jan Gemu!" Jama'a, zuciya ta ɗebe ni. Na matso daf da shi, na ɗaga ƙafa na tokari babur ɗinsa da duk ƙarfina. Na ga idonsa lokacin da dariyar ta ɗauke. Babur ya wuntsila da shi, ya ja shi a kan kwalta, ya je ya maka shi da gindin kwakwa. Ƙarar da ƙashinsa ya yi har yau tana kunnena, kamar an karya rake. Na same shi ƙafarsa ta juya baya, ƙashi ya huda wando, jini yana bulbula daga kansa yana nutsewa cikin yashi. Na yage rawanina na ɗaure shi, ina kuka ina kiran sunansa, har wata mota ta tsaya muka kai shi asibiti.

A ƙofar asibiti 'yan ayarinmu da suka ji labari suka kewaye ni, rigata jiƙe da jininsa. Yayansa Mamman, mahauci ne a Treichville, ya riƙe kafaɗuna ya ce, "Kai ne ɗan baya. Me ka gani?" Wace amsa zan ba mutumin da ƙanensa yake ciki ana yanke masa ƙafa? Bakina ya riga ni: "Wani koren kamiyo ne ya buge shi, bai tsaya ba." Ba wanda ya sake tambayata ko kalma ɗaya. Mamman ya rungume ni yana cewa ba don ni ba da Ilu ya mutu a daji. A masallaci aka yi ta sa mini albarka, mata suna aiko mini da abinci.

Na zaci maganar za ta mutu a nan, don koren kamiyo nawa ne a Abijan? Ashe Mamman bai kwanta ba. Ya bi tasha-tasha har ya gano wani direba Bajule, ɗan ƙabilar Jula, mai ɗaukar kifi daga Bassam, motarsa kore ce, kuma ya bi hanyar a wannan Lahadin. Da rana tsaka shi da mutanenmu suka zo suka ɗauke ni daga rumfata zuwa tashar Adjamé. Mutumin yana zaune a kan benci yana cin ayaba soyayya. Mamman ya nuna motar ya ce, "Ita ce?" Na ce ita ce. Kafin direban ya tashi an rufe shi da duka. Wani da sarƙar babur, wani da bulalar kebur, shi yana kare kansa da hannu yana rantsuwa da Allah da yarensu, yana cewa, "Koro," wato yaya, "ban taɓa kowa ba!" Ga abin da ya fi ba ni kunya: don kada a ga na tsaya a gefe a yi zargi, ni na fi kowa dukansa. Ni na take hannunsa da takalmi har yatsun suka karye. Haƙoransa na gani a ƙasa cikin man ayabar. Sai da aka yi ihun 'yan sanda muka watse. Wane irin mutum ne zai yi wannan ya koma rumfa ya ci gaba da auna yadi? Ni ne.

Direban bai mutu ba, kuma bai kai ƙara ba, an ce tsoro yake ji. Amma Mamman ya ce bai huce ba, ƙafa ɗaya ta ƙanensa ba za ta tafi a kan 'yan haƙora ba. Malaminmu ya hana shi zubar da jini a watan azumi, shi ya sa ya dakata. Ya rantse fitar farko bayan salla za a tare mutumin a hanyar Bassam, daidai itacen da Ilu ya faɗi, kuma na san wuƙar da zai ɗauka, don da ita yake yanka shanu. Ni aka ce in nuna wurin.

Duk wannan lokaci hankalina yana kan cewa Ilu bai tuna komai ba, haka likita ya ce saboda bugun kai. Ran Juma'ar da ta wuce na kai masa kunun buɗa baki. Yana zaune a tabarma, wandon an naɗe shi an soke da allura inda ƙafa take a da. Da matarsa ta fita, ya dube ni ba dariya, ya ce, "Yaya, takalminka na ranar nan, mai baƙin madauri, har yanzu kana sa shi?" Nan na gane ya tuna komai. Na ce, "Ilu, ka faɗa musu, ka huta, ni ma in huta." Ya girgiza kai. "Ni ba zan faɗa ba. Kai ka tarbe ni a tasha. Kuma ba madugu ke ba da labarin hanya ba, ɗan baya ne." Sannan ya ƙara da cewa, "Doka ta ce duk wanda ya faɗi ka tsaya masa. Direban nan ma ya faɗi, Yaya."

Tun ranar ban iya haɗa ido da kowa ba. In na faɗi gaskiya, wuƙar Mamman kaina za ta dawo, in ma na tsira, na gama zama a Abijan, ga mata da 'ya'ya huɗu. In na je na ce wa direban ya gudu, da wace fuska, ni da na karya masa yatsu, kuma don me zai bar garinsa a kan laifina? In na yi shiru, za a yanka bawan Allah a gabana, ni na nuna itacen, Ilu kuma yana gida ya san komai. Azumin ma ban san ko ana karɓar nawa ba. Wata ya raba tsakiya, salla tana matsowa.

Don girman Allah ku faɗa mini, me zan yi?