Takardar da Na Riƙe Ran Lahadi

Harlan's Ferry, Ohio, 9 ga Mayu, 1853

Zuwa ga 'yata Lavinia,

Kada ki karanta wasiƙar nan a gaban yara, kada kuma ki rubuto mini kalaman lallashi, ba su nake nema ba. Bayan haka, ina gaishe ku, Ubangiji ya ƙara muku lafiya a can Oregon. Mu ma muna nan, sai gwiwar nan tawa da kika sani.

Kin san yadda na rene ku: ran Lahadi ba ɗinki, ba ciniki, ba buɗe takarda. Da wannan tarbiyya yayanki Orrin ya tashi, ya yi shekara huɗu yana kwafar takardu a ofishin lauya, ya bi alƙali gari-gari a kan doki, har aka zaɓe shi majalisar jiha. Ni kuwa ina ta ɗaga kai a coci, wai aikina ne.

Mako uku da suka wuce ya zo hutu. Ran Lahadi da rana yana sama yana barcin gajiya, sai ga Dorcas, matar Cato Burrell, maƙerin nan baƙar fata da ke yi wa dokinmu takalmi. Ta miƙo takarda, ta ce a ba lauya Orrin yanzu-yanzu. Za ta yi bayani na tari numfashinta, na ce ko gwamna ne ya aiko ta sai Litinin, ta je ta yi addu'a. Sau biyu tana cewa, “Uwargida, don Allah.” Na rufe ƙofa, na soke takardar a bayan agogo.

Da safe na ajiye masa ita kusa da farantinsa. Ashe masu farautar bayi ne suka kama Cato, suka rantse wai bawan wani ne da ya gudo daga jihar Kentucky da ke tsallaken kogi, alhali a garin nan aka haife shi, ni na kai wa uwarsa miya ran haihuwar. Suka kulle shi a masaukin bakin kogi. Sauran lauyoyin garin sun ƙi taɓa maganar. Da Orrin ya sani a ranar, da ya sami alƙali a gida ya karɓo umarnin hana fita da shi. Ko da ya isa bakin ruwa, jirgin ruwan da aka sa Cato a ciki ya riga ya tashi.

Bai ɗaga mini murya ba. Tambaya ɗaya ya yi, wai ko na tsaya na ji abin da ya kawo ta. Ban tsaya ba, Lavinia. Ya bar zaman majalisa ya tsallaka Kentucky da littafin baftisma na coci, shaidar cewa a nan aka haifi Cato, abokan hamayyarsa kuma suna ta shewa, wai ga ɗan majalisar da ba ya karanta takarda sai Mama ta yarda. Har yau babu labarin Cato. Na je na durƙusa wa Dorcas a tsakar gidanta. Ta ce in tashi, kada ƙasa ta ɓata mini riga.

Ki gaida mijinki Silas, da Abner, da 'yar auta Phebe. Na kafa doka a gidan nan, ke ma ki kafa a naki: duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa, kowace rana ce, a shigo da shi, a ba shi kujera, a ji maganarsa har ƙarshe kafin wani ya ce masa a'a.

Mahaifiyarki,
Keziah Whitcomb